Shatu Mai Daddawa a Gaban Taro

Shatu mai daddawa 'yar ƙauyen Kiyeshe ce. Ta tsufa tana kai daddawarta kasuwar Dogon Dutsi, yaran birni na kwaikwayon maganarta suna dariya. Shi ya sa gabanta ya faɗi da Luƙman, shugaban ƙungiyar raya Hausar Arewa, wato irin Hausar su Shatu, ya ce ita za ta buɗe taronsu na bana.

Ko abinci ta kasa ci. Kullum kunnenta na manne da rediyo, tana koyon Hausar masu karanta labarai, don kada ta kunyata jikokinta.

Ranar taro aka miƙa mata abin magana. Ta fara gaisuwa irin ta rediyo, harshenta na sarƙewa. Luƙman ya matso ya raɗa mata, "Inna, maganarki ta gida muka zo ji."

Ta dube shi da kyau. Ashe yana cikin yaran da suka riƙa bin ta a kasuwa suna kwaikwayon maganarta!

Ta miƙa masa abin maganar. "Amshi, ɗan nan, yi musu maganar tawa. Ai kai ka hi kowa iya ta."