Mai Keke da Mabiya Dubu Ɗari

Mai Keke ake ce masa, ko da yake bai taɓa hawa keke ba. Keken ɗinki yake gyarawa, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai sayar da maɓallai. Tun yana saurayi ya koyi aikin, zamanin da tela kan saɓo kan kekensa a kafaɗa ya zauna a benci ya jira. Ba ya kwance keke sai ya juya shi da hannu ya saurara. In zare na tsinkewa, sai ya duba allura, ya duba kwarkwaro, ya tambayi mai shi irin man da yake ɗiga masa. Teloli kan ce ya fi likita tambaya.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watsu, saura Auta, malamar aji uku a firamaren bayan kasuwa. Ta haura talatin, kuma ba ta da rawar kai. Wani mutum ne ya yi mata magana a waya, wanda ake ganin bidiyonsa ko'ina yana wa'azin zaman iyali, yana raba wa marayu jakunkunan makaranta, yana jawabi a zaure cike da jama'a. Auta ta yi abin da 'yar mutunci ke yi. Ta ce masa, "Ga gidanmu, zo ka ga Baba."

Ya zo, fes da shi, ya kafa waya a kan tebur tana ɗauka. Baffa, ƙanin Mai Keke, shi ya tare shi tun daga bakin titi ya riƙe masa jaka. Gwaggo, ƙanwarsu, ta sake mayafi sau biyu kafin ta shigo falo. Da Mai Keke ya ja Baffa gefe ya ce ya kamata a san dangin baƙon da inda yake kwana, Baffa ya tura masa waya har hanci.

"Yaya, duba nan. Mabiya dubu ɗari da wani abu."

A nan tsohon ya yi kuskuren da bai taɓa yi wa keke ba. A Hausar da ya tashi da ita, mabiyi mutum ne mai ƙafafu. Ya san ƙofar gidanka, ya ci abinci a tasarka, ya ga fushinka, kuma duk da haka yana biye da kai. Dattijon da ya samu irinsu goma, an san ba ƙaramin mutum ba ne. Sai Mai Keke ya komo falo, ya dafa kafaɗar baƙon, ya ce a gaban waya, "Mutumin da dubu ɗari ke bi, ni wa zan tambaya?"

Ba a jima ba asiri ya tonu. Wata mata ta fito ta ce ita ma ya je gidansu, wata ta biyo bayanta. Zauren nan taron wasu ne, ya ɗora muryarsa a kai. Jakunkunan marayu aro ne daga shago, ana gama ɗauka aka mayar. Mutumin ya rufe shafinsa ya ɓace. Mai maɓallai ne ya warware wa Mai Keke sauran.

"Mabiyan nan sayensu ake yi, Baba, kamar yadda nake sayo maɓallai a leda. Yawancinsu ma ba mutane ba ne."

"To mene ne?"

"Suna ne kawai da hoto."

Mai Keke ya ajiye sukuddireba, bai ƙara taɓa aiki ba ranar.

Abin takaici bai tsaya nan ba. Wani mara aikin yi ya yanko gutsuren bidiyon ziyarar, daidai inda Auta ke murmushi tana sunkuyar da kai, ya sa masa kiɗa, ya rubuta "Malama an sha zuma". Shi maƙaryacin ba wanda ya ƙara ambatonsa. Fuskarta ce ta zaga gari. Iyayen yara suka fara yi wa hedimasta waya, shi kuma ya ce ta ɗan huta a gida. Kowa ya san inda irin wannan hutu yake ƙarewa.

Da hantsin wata Asabar Baffa da Gwaggo suka zo falon nan dai. Auta na zaune a ƙasa kusa da ƙofa.

"Ni zan tafi da ita gidana har magana ta lafa," in ji Gwaggo. "Aikin ma ta haƙura. Ke da iliminki, Auta, a ce ɗan waya ya yi wasa da hankalinki?"

"Yaran yanzu ke nan," in ji Baffa. "Ido a gilashin waya. Ta jawo mana, ko'ina na shiga sai a yi shiru."

Mai Keke ya dubi ƙaninsa. "Baffan yara, jakar nan da nauyi?"

"Wace jaka, Yaya?"

"Wadda ka riƙe masa. Na ga har kana sauya hannu." Ya juya. "Ke kuma, Gwaggon yara, wa ya ce da shi ɗana kafin ya gama cire takalmi?"

"Ai karamci ne."

"Karamci ne a wajenki, wauta ce a wajenta?" in ji Mai Keke. "Ɓarawo ya shigo, ya yi mana ƙarya mu huɗu. Laifin ƙarya nasa ne, ba na raba masa shi da kowa. Amma yarinyar nan ba ta bi shi lungu ba. Ta kawo shi gaban manya don a duba mata. Wa ya duba? Ni ne ubanta, ni aka kawo wa, na buɗe baki na faɗi abin da na faɗa. Yanzu mu uku mu koma bayanta mu ɓuya, ita ta rasa ajinta?"

Ya dubi 'yarsa ya ce, "Auta, me kike so?"

"Yarana na da jarrabawa, Baba. Ban gama koya musu lissafin rabawa ba."

"To." Ya miƙa wa Baffa hannu. "Ai mutumin ya turo maka bidiyon gaba ɗaya, har kana nuna wa mutane a wurin aski. Sa shi inda kowa zai gani. Kada ka yanke komai."

"Yaya, da maganarka a ciki fa. Dariya za a yi maka."

"Na san abin da na ce. Sa."

Baffa ya yi ta latse-latse yana gumi, Mai Keke na tsaye a kansa har ya tura.

An yi dariyar kuwa, an yi ta sosai. Dattijo mai furfura yana dafa kafaɗar ɗan damfara ya fi murmushin malama daɗin yaɗawa. Ranar Litinin Mai Keke ya sa rigarsa mai guga ya je ofishin hedimasta, ya zauna, ya ce ba zai tashi ba sai an faɗa masa laifin da 'yarsa ta yi wa makaranta. Hedimasta ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce ta shiga aji.

Teloli sun sake masa suna. Da sun shigo da keke sai su ce, "Wa-Zan-Tambaya, barka da aiki." Yakan amsa. Auta ta ce ya daina amsawa, ya ce mata ai shi ya faɗa.