Ɗigon Jinin Baba

Shekarar da masararmu ta yi kyau sosai, a ita Baba ya fara ramewa. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Maska, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗora buhu a kan babur shi kaɗai. Amma kafin a gama girbi riguna sun yi masa yawa. Ruwa ba ya kashe masa ƙishirwa, fitsari ba iyaka, da ya ɗan taɓa aiki sai ya nemi inuwa.

Inna, mahaifiyata, ta tsaya a kansa. Aka ce shawara ce, ta jiƙa saiwoyi. Aka ce rashin ƙarfi ne, ta riƙa dama masa fura da zuma, shayi kuma ta cika masa sukari. Maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin sammu.

Lokacin ina aure a Funtua. Da na zo gida na ga yadda ya koma, na dage sai mun je ƙaramin asibitin da ke kusa. Ma'aikaciyar jinyar ta saurare mu tsaf, sannan ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba. Ta goge masa yatsa, ta ɗan soka allura, ta ɗiga jinin a bakin wata siririyar takarda da ke jikin na'urar.

Baba ya yi dariya. "Malama, wannan ɗan jinin, ai sauro ma ya fi ki ɗiba."

Kafin ya rufe baki lamba ta fito. Ta ce, "Alhaji, ciwon suga ne, kuma ya hau ƙwarai. Me kake ci?"

Baba na lissafawa, Inna na sunkuyar da kai. Sai na ga hawaye.

"Ashe da hannuna nake ƙara masa ciwo," in ji ta.

Ma'aikaciyar ta dafa ta. "Hajiya, rashin sani ne. Yanzu ma da ke za mu dogara, ke ce mai tukunya."

Ta tura mu babban asibiti a Funtua, aka ɗora shi a kan magani. Inna ta koma girkin wake da zogale, tuwo kuwa sai ɗan kaɗan. Baba ya yi mita, amma ya ci. Da damina ta zo ya koma gona.

Daga baya na sayo musu irin na'urar. Inna ba ta yi boko ba, amma a mako guda ta koyi karanta lambobin. Har yau ita ke duba shi da safe kafin karin kumallo, shi kuma ya miƙa yatsa ya kau da kai, don ashe tsoron allura yake ji.