Reshen da Na Yanke

A garkar Baba, wato lambunsa da ke can gefen tabkin Madarumfa, akwai wani mangwaro da ba shi da zare ko ɗaya. Tsokarsa laushi kamar dafaffiyar kabewa, ƙwallonsa siriri, ɗaya ya ishi mutum ya ƙoshi. Tun yana saurayi Baba ya samo reshensa wajen wani mai lambu a ƙetaren iyaka, ya naɗo shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya zo ya yi masa aure da ƙaramin mangwaron gida. Haka ake yi: a tsaga dashen gargajiya, a soka reshen mai kyau, a ɗaure da leda, su haɗe su zama itace guda. Ni dai ban taɓa tsayawa na koya ba. Na yi lakwal, wato karatun boko, na zama malamin makaranta a Maraɗi, ina ganin wanda ya iya riƙe alli ya wuce riƙon wuƙar dashe. Baba yakan yi mini tsiya, wai hannuna ya fi na amarya laushi.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, tabki ya cika ya batse, ya shiga garka ya zauna a gindin itacen fiye da wata biyu. Da ruwan ya janye, ganye ya soma zuba tun daga sama. Lokacin Baba ma ciwo ya ci ƙarfinsa, amma ya ce sai an kai shi. Muka ɗora shi bisa amalanken jaki. Ya daɗe yana duban itacen, sannan ya nuna mini wani reshe da ke da sauran rai, na yanko masa tsinke biyar. A gida, kusa da rijiya, yana da ƙananan dashe, ya zauna a ƙasa ya yi musu aure, ni kuwa ina miƙa leda ina duban agogo don kar mota ta tafi ta bar ni.

Cikin biyar ɗin ɗaya ne ya kama. Babban itacen ya bushe, Baba kuma bai ga damina ta gaba ba.

Bayan addu'ar arba'in, Inna ta kai ni gindin dashen. Ta ce, "Wanga kaɗai ya rage cikin irin babanka. Ka kula da shi."

Na ɗauki abin da zafi, irin zafin mai jin ya yi sake a baya. Kowane ƙarshen mako ina gida, ina ban ruwa, ina zuba takin awaki. Wata rana na lura dashen ya yi rassa biyu. Ɗaya ya fito daga can ƙasa, miƙaƙƙe, ganye shar, har ya kai mini ƙirji. Ɗayan gajere ne, karkatacce, da wani ƙulli mummuna a gindinsa. Na tuna abin da nake koya wa yara a aji, cewa ana cire rauni don mai ƙarfi ya samu abinci. Ban tambayi kowa ba, don a ganina tambaya ta wanda bai yi karatu ba ce. Na sa wuƙar Baba na yanke gajeren, ƙasa da ƙullin.

Ƙullin nan shi ne wurin auren. Gajeren reshen shi ne na Baba, dogon kuwa tohon mangwaron gargajiya ne da ya ɓullo ta ƙasa, wanda duk mai garka ya san shi ake cirewa. Ni ban sani ba. Na wanke wuƙa ina jin na yi aiki.

Shekara shida na yi ina hidima da itacen. Na kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, na sayi igiyar guga har sau uku, na ƙi karɓar canjin aiki zuwa wani gari mai nisa don kar ya kwana da ƙishi. Mangwaro mai aure yakan yi 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu. Da nawa ya yi jinkiri, sai na ce ƙasar gidan ce ba ta kai ta garka ba. A duk tsawon lokacin Inna takan shimfiɗa tabarma kusa da rijiya tana ɓare gyaɗa, muna hira har na gama ban ruwan.

A shekara ta bakwai ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya. Tun suna ɗanye na soma shakka, don ƙanana ne. Da na farko ya nuna, na tsinko na gatsa. Zare ya cika mini haƙora. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, don a ranar ne na gane abin da hannuna ya yi.

Na shiga ɗakin Inna na ajiye sauran a gabanta. Na ce, "Inna, na kashe irin Baba. Reshensa na yanke tun shekarun baya."

Ko duban mangwaron ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Ranar da ka yanke, ni na ɗauki reshen na ba awaki. Na murza ganyen na shinshina, na gane shi."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

Ta gyara bakin zanenta. Can ta ce, "Ya riga ya yanku, magana ba ta maida shi. Kuma da na hwaɗa maka, da ba ka riƙa zuwa gida duk mako ba."