Tambayoyin da Suka Tsallake Ƙofata

An tambayi matan unguwarmu kaf, ni aka tsallake ni. Abin da ya ɓata mini rai ke nan, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. An tambayi mai ƙosai, an tambayi mai daddawa, an tambayi har wadda sana'arta ba ta wuce ƙulla gishiri a leda ba. Ni da na tsufa ina matsar man gyaɗa a Guci, takarda ta zo daidai ƙofata ta yi kwana. Wadda ta rubuta tambayoyin kuwa, ni na haife ta.

Ita ce 'yata ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Sauran mata suna yi suna sassautawa idan sun shiga ɗaki, ni ban sassauta ba ko a ɗaki. Ranar da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, ta tashi a ɗakin da ke kallon nawa, taku goma tsakani. Kakarta take ce wa Inna, ni kuma Yaya, yadda ta ji ƙannen mijina suna kirana. Idan ta faɗi ta fasa gwiwa sai in sunkuyar da kai cikin turmi in ƙara ƙarfin daka har wani ya zo ya ɗauke ta. Mata suna cewa wance akwai kunya, wance akwai kara. Na ci yabon nan har na ƙoshi.

Da aka zo ɗibar yaran lakwal, wato makarantar boko, kakar ce ta miƙa ta. Daga Guci sai Magariya, daga nan Damagaram, daga nan Yamai, har ta samu burs, wato tallafin karatu, zuwa wata ƙasa da ake kira Biyetnam. Ranar tafiya ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, Yaya, na tafi. Na juya wajen maƙwabciyata da ke zaune tana tsince wake, na ce a faɗa mata Allah ya kiyaye hanya. Ƙuli-ƙulin da na soya mata kwana biyu ina yi, shi ma ta hannun maƙwabciyar ya shiga jaka.

Bayan haka gida ya yi ta raguwa. Kakar ta rasu, maigida ya bi ta, mazan biyu da na haifa bayanta suka tafi ci-rani, ɗaya Agadas ɗaya Kano, suka zauna can. Ya rage ni da awaki uku da kaskon suya. A lokacin ne na shiga yaƙi da jahilci, da furfura a kaina, saboda na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san abin da ta ce ba. An sha yi mini dariya. Wata ta ce tsohuwar akuya za ta koyi hawan bishiya, na ce mata ai gara ita da jakar da ta mutu a gindin turke. Cikin damina biyu na iya karatu, rubutuna kuwa har yau kamar sawun kaji ne a kan laka, amma yana karantuwa.

Madam ɗin da ke koya mana ƙawar 'yata ce, benci ɗaya suka zauna a lakwal. A wayarta saƙonnin muryar 'yata suke sauka. Idan an tashi daga aji sai ta kunna wa mata su ji, ni kuma in tsaya daga baya ina gyaran ɗaurin zane, ina neman takalmin da yake a ƙafata. Ta haka na san ƙasar nan. Wai shinkafa suke ci safe da yamma, moto, wato babur, ya fi mutane yawa a kan hanya, matan kasuwa suna saka malafa mai tsini kamar ta makiyaya, suna rataya kaya a sanda ta kafaɗa. Wai mai sayar da ganyen miya ma tana da wani zane mai ƙananan gidaje da ta manna a tirenta, mai saye ya nuna masa waya, ciniki ya faɗa. Aikin da ya kai 'yata can shi ne bincike a kan irin waɗannan mata masu ƙaramar sana'a: yaya suke yi idan ciwo ya kama su, me yake hana su zuwa asibiti, ko wayar da ke hannunsu tana taimakonsu ko kuwa ciniki kawai take yi musu. Takan zauna a gefen rumfarsu da tafinta tun hantsi har azahar, tana tambaya tana rubutawa. Ta ce wata tsohuwa mai sayar da kifi ta riƙe hannunta tana ba ta labarin ƙafarta da ke kumbura, har ta ba ta miya a kwano. Mata suka ce Allah sarki. Ni kuwa na tafi gida na zauna da awaki.

Kowane saƙo da irin ƙarshensa: a gaida mutanen gida. Ni ce mutanen gida, babu wani.

A wannan shekarar, wajen kaka, na ji wani ƙululu a nonona na hagu. Ba ya ciwo sosai, sai dai idan na daɗe ina matsa tunkuza hannun ya yi nauyi. Na je wajen majo, malamin asibitin da ke dispanser ɗinmu, ranar da ba kasuwa, ya sa ungozoma ta duba, suka yi magana da Faransanci a kaina, sannan ya rubuta takarda ya ce in tafi babban asibiti a Damagaram, kar in jinkirta, kuma in tafi da wani nawa. Na karanta takardar da kaina a hanya, abin da na iya karantawa. Na naɗe ta na saka a ƙasan kwallar da nake ajiye zannuwa. Wa zan tafi da shi? Mazan nan idan na faɗa musu za su aiko da addu'a da alkawarin zuwa bayan Sallah. Kuma gyaɗa ta shigo, lokacin da mai ya fi fita ke nan, wanda ya zo da kwalba ya tarar da ƙofa a rufe gobe wani gida zai nufa. Na yi shiru wata uku.

Ana cikin haka takardun suka zo. Malaman 'yata na can sun ce ta gwada tambayoyin a nan gida, a ga ko matan nan da na can ciwonsu ɗaya ne. Ta juya su da Hausa ta aiko, madam ta je Magariya ta yi fotokofi, ta riƙa bi gida gida da la'asar. Daga inda nake suya ina ganin wucewarta. Ta shiga gidan dama, ta fito, ta gaishe ni ta kan danga da ladabi, ta shiga gidan hagu. Kwana huɗu ana haka. A bakin rijiya ba a hirar komai sai anket, wato tambayoyin nan. Mai ƙosai ta ce ita an tambaye ta abin da ko mijinta bai taɓa tambayarta ba, mai daddawa ta ce ai mijinki ba ya tambayar komai sai ina tuwo. Aka kwashe da dariya, sannan aka juyo gare ni, wai ni me na amsa, ko kuwa tawa ta jirgi za a aiko. Na ce guga nake ja, ba surutu na zo yi ba.

Rana ta biyar na kashe wuta tun gyaɗa ba ta gama soyuwa ba, na tarar da madam a zauren da muke karatu tana goge allo. Na tambaye ta ko ni ba mai sana'a ba ce. Ta ce ni ce babba. Na tambaye ta ko ban iya karatu ba ne, ita da ta koya mini. Ta ce na iya. Na ce to ita yarinyar nan ce ta ce a tsallake ni, don ta ga manyan ƙasashe, uwa mai warin tunkuza ba ta isa shiga takardarta ba?

Madam ta ajiye tsumman goge allo. Ta ce, "Baba, wallahi ba haka ba ne. Ni na tambaye ta ko in kawo miki. Ta ce kar in takura ki. Ta ce tun tana ƙarama ba ki taɓa amsa mata tambaya baki da baki ba, ba ta so a saka ki a tsaka mai wuya a gaban mutane."

Na ce, "Sai ta yanke mini hukunci daga bayan teku?"

Ta ce, "Ta ce idan kin ƙi amsawa, ita ce za ta kwana tana tunani. Gara kar ta tambaya."

Na miƙa hannu kawai, ta zaro takarda ɗaya daga jaka ta ba ni, da bik na rubutu.

Na zauna a inuwar rumbu na shimfiɗa ta a kan faifai. Shafi uku ce. A sama an rubuta cewa ba a saka suna, ba wanda zai san mai amsa, kowa ta faɗi gaskiyarta ba tsoro. Tambayoyin farko masu sauƙi ne, irin sana'a, shekarun da aka yi ana yinta, ko akwai waya. Akwai, ƙarama mai madannai, ba ta ɗaukar hoto. Aka ce ko na taɓa fasa zuwa asibiti saboda kar ciniki ya wuce ni. Na rubuta e. Aka ce ko akwai ciwon da nake ɗauke da shi yanzu wanda ban faɗa wa kowa a gida ba. Na daɗe ina kallon akuya tana cin ɓawon gyaɗa, sannan na rubuta duka, da nonon hagu, da majo, da Damagaram, da kwalla. Layin bai isa ba, na gangara gefen takarda. Ta ƙarshe a shafi na biyu ta ce, idan ba ki da lafiya wa kike fara faɗa wa. An bar wuri a zaɓa, miji, ɗa, 'ya, maƙwabciya, wani. Na bi su ɗaya ɗaya da kan bik, ban ga inda zan saka alama ba. Na rubuta a ƙasa, babu.

Da na gama na ji sakayau, kamar na sauke tulu. Na ce to, na faɗa mata, kuma ban karya kunya ba, takarda ce ta yi magana. Har na tashi zan kai wa madam kafin magariba, sai na sake kallon saman shafin, inda aka ce ba a saka suna. Na koma na zauna.

Yarinyar nan ba ta san rubutuna ba. Lokacin da ta tafi ko alif ban iya ba. Madam za ta ɗauki hoton takardata ta haɗa da ta mai ƙosai da ta mai gishiri ta tura. Ita kuma za ta zauna a can, a ɗakin da ban taɓa gani ba, ta karanta labarin wata tsohuwa mai man gyaɗa da ƙululu a nono, ta ce Allah sarki, ta saka ta a layin matan da ke jinkirin zuwa asibiti, ta wuce ta gaba. Masu man gyaɗa a Guci ba ni kaɗai ba ce. Ko ta yi zargi, ba za ta tambaya ba, ni na koya mata haka. Za a gwada ni da tsohuwar nan mai kifi, a ga ko ciwonmu ɗaya ne, ita ko ta riƙe hannun 'yata da ta yi magana.

Ban ce al'adarmu banza ce ba, kuma ba zan ce ba. Uwata haka ta yi wa yayana, ya kuma binne ta da hannunsa yana kuka. Amma yayana bai taɓa nisa da ya wuce Dungas ba, yana ganin fuskarta yana gane abin da bakinta ya ƙi faɗa. Ba a yi wannan kunya don wanda ke bayan teku ba, wanda ba shi da komai naka sai abin da ka furta.

Na yi tunanin rubuta uwarki a saman takardar. Na ga wannan ma ɓuya ne, madam ce za ta tura, madam ce za ta ji amsa, ni in tsaya daga baya ina neman takalmi. Rubutuna ba ta sani ba, murya kuwa ta sani, ta shekara ashirin tana jin ta ta kan tsakar gida ina yi wa wasu magana.

Da safe ban hura wuta ba. Na ba awaki dusa, na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, na ciro takardar majo daga kwalla na haɗa da tawa. Na tarar da madam tana shara a ƙofar gidansu. Na ce ta ba ni wayarta ta nuna mini inda ake dannawa idan za a yi saƙon murya, sannan ta shiga ciki ta ja ƙofa. Ta nuna mini sau biyu, ta shiga. Na hau tudun da ke bayan gidan inda rezon waya yake kamawa, na buɗe shafin farko, na danna da babban yatsa na riƙe.

Na ce, "Ke, ni ce. Ba saƙo aka ba ni ba, da ke nake. Ki zauna, zan karanta miki amsata daga ta ɗaya."