Zango na Uku

Ranar Talatar da ta wuce mahaifina ya cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Na yi masa addu'a kamar yadda na saba, na aika da sadakar ƙosai masallacin layinmu a unguwar Maamobi, sannan na zauna na rasa abin yi da ragowar yinin. Yanzu na girme shi da shekara tara. Duk da haka, in na tuna shi sai in ga kaina ɗan shekara goma sha biyar, na taka wani tsohon buhu a tsakiyar fili, ina jiran wani ya buga ƙwallo in samu in gudu.

Mai Huhu ake ce masa a Nima, unguwar baƙin Hausawa inda na tashi, saboda ɗaurin huhun goro ne aikinsa: ya zaɓe, ya yayyafa ruwa, ya jera ganye, ya ɗaure tam yadda goro zai kai arewa bai bushe ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya biyo fatake ya tsallako ƙasar nan yana saurayi, da niyyar shekara biyu. Akwai adaka a ƙarƙashin gadonsa wadda kullum a shirye take, da turmin atamfa biyu da ya saya wa mahaifiyarsa a ciki. Sau uku ana yi masa tayin fili ya gina, yana ƙi. Ya ce mu da aka haifa a nan ne muka ɗauka Zango sunan gari ne, alhali wurin da matafiyi ke sauke kaya ne ya huta ya wuce, kuma mai hankali ba ya gini a hanya. Hausarmu ma ba ta yi masa ba. Mu yaran Nima ba ruwanmu da mace ko namiji, kowa "ya" ne. In na ce Anti Lamisi mai koko ya zo, sai ya ce "ta zo", ko kallona bai yi ba.

Rashin kallon ba fushi ba ne. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne. A inda ya fito uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya bari a ga yana ji da shi. Bisa al'ada wurin kakata ya kamata a kai ni tun ina ƙarami, ta kuma aiko ta nema. Amma mahaifiyata ta rasu ina shekara shida, kuma kafin ta cika ta roƙe shi abu biyu: kada ya cire ni daga makaranta, kada kuma ya bar ni a hannun wani. Ƙauyensu babu makaranta. Kun ga ke nan ba damar ya tafi da ni, ba damar ya tafi ya bar ni. Shi ya yi mini wanka, shi ya cire mini ƙaya, ni ɗan da kunya ta hana shi faɗin sunana. In zai kira ni sai ya ce "kai", in yana maganata da mutane ya ce "yaron nan".

Ina aji na biyu a makarantar midil aka kawo mana wani malami Ba'amurke, baƙar fata, wanda sai ya sunkuya zai shiga aji. Muka sa masa Ticha Dogo. Shi ya kafa ƙarfe a jikin bangon makaranta ya rataya raga ya koya mana ƙwallon kwando, ya kuma zo da sanduna biyu da safar fata ya koya mana besbol. In wancan ya ƙare wannan ya kama, shekara ba hutu. Da Baba ya ga ina dawowa gida bayan la'asar da gwiwa a kuje, sai ya bi sawuna ya ga abin da ke cinye ni. Ya tsaya daga nesa ya ga yara goma suna haki, duk wanda ya jefa ƙwallo a raga sai ta zube ta ƙasa. Tausayi ya kama shi. Washegari da sassafe ya zo da igiyar huhu da tsani na aro, ya ɗinke gindin ragar ɗinkin da ko allura ba za ta faɗo ba. Ticha Dogo ya yi dariya har da zama a ƙasa. Ni kuwa na yi kwana uku ban iya haɗa ido da kowa ba. Baba bai ga abin dariya ba, ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin inda ake murna da kwandon da ba ya riƙe abin da aka zuba masa ba, daga nan bai ƙara waiwayar wannan wasan ba.

Besbol ne ya kama shi. Bugun taɓarya yake ce masa. Akwai wata darbejiya a gefen filin, nan yake tsayawa da buta a hannu kamar wanda hanya ta biyo da shi. Abokan aikinsa na rumfar goro suka sa shi a gaba da tsiya, wai dattijo ya bar aiki ya je kallon ɗan fari yana guje-guje. Ya shanye. Wata rana muna cin tuwo ya dubi bango, don haka yake magana da ni, ya tambayi amfanin buhunan nan uku da ake shimfiɗawa. Na ce in mutum ya buga ƙwallo sai ya gudu ya taka na farko, daga nan na biyu, sai na uku, sannan ya dawo inda ya fara, wurin da ake kira gida. Sai ya kai gida ake ƙirga masa.

"Zango ke nan," ya ce. "Zango uku. To wanda ke tsaye a na ukun nan, me ya hana shi tafiya? Ga gidan yana kallo."

"Sai wani ya buga mishi, Baba."

"In ba a buga ba fa?"

Na ce sai ya tsaya a wurin har a fitar da su, tafiyar da ya yi duk ta tashi a banza. Sai ya ce ashe ba Amurkawa kaɗai ke yin wannan wasa ba. Tun daga ranar yaran makarantarmu suka koma cewa zango na ɗaya, zango na biyu, har Ticha Dogo ya koya.

Da Baba zai leƙo yau, ban san abin da zai ce ba. Filin nan an gine shi, darbejiyar ta daɗe da zama itacen girki. Ɗana Nasiru yana unguwar Madina, can gefen garin nan, da yara biyu, macen na ƙwallon kwando, namijin ya haɗa duka biyun kamar ni. Iyaye na zaune a kujera suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da suna, har da ɗan fari, ba mai jin nauyi. Nasiru na yi mini ƙorafi wai wasan yaran nan ya ɗaure shi, ba Asabar ba Lahadi, daga wannan fili zuwa wancan, ya zama direbansu. Ina ganin Baba zai fara tambaya ne ko har yanzu ba a ɗinke kwandon ba. Amma maganar ɗaurin zai gane ta tun kafin Nasiru ya rufe baki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wannan. A shekarata ta ƙarshe a midil, Ticha Dogo ya shirya wasa da wata makaranta, ya ce shugaban wata sakandaren kwana zai zo kallo, zai ɗauki yaro biyu. Duk wanda aka ɗauka ya samu karatu da ɗaki da abinci. Baba ya ce wannan ba hannun wani ba ne, makaranta ce, alkawari bai karye ba. In aka ɗauke ni, shi ma ya samu hanyar komawa ƙauyensu. A karon farko na gan shi ya jawo adakar ya shanya atamfar a rana.

Saura kwana goma sha biyu wasan, direban motar goro ya kawo wasiƙar ajami daga wansa: tsohuwa ta kwanta, ba ta tashi, sunansa take kira. Motar za ta juya ranar Alhamis, in ta tafi kuwa sai bayan wata guda. Anti Lamisi, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Mai Huhu, ka tafi mana. Mamanka ya tsufa, uwa ɗaya ne. Yaro nan ni zan duba shi, ba matsala koraa, ko kaɗan."

Baba ya ce in tambayo Ticha ko dole ne uba ya kasance a wurin don dangwala yatsa a takarda. Na tambaya. Ticha ya ce ba dole ba, duk wani babba na gida ya isa, ko ma a jira ya dawo. Na taho ina juya maganar tun daga makaranta har bakin babbar kwata. Ina son ya ga wasan nan. Duk yaron da ke filin yana da mai kiran sunansa, ni kuwa mutumin gindin darbejiya kaɗai gare ni, kuma ban iya tunanin in waiga in ga wurin babu kowa ba. Da na shiga gida na ce Ticha ya ce sai uba. Baba ya ce to. Ranar Alhamis shi da kansa ya taya a loda huhuna a motar, ya ba direba saƙon baki, ya dawo ya tura adakar ƙarƙashin gado.

Ranar wasan an yi rana mai zafi. A zagayen ƙarshe muna kunnen doki, ina zango na uku, abokina ya buga wata ƙwallo mai rarrafe. Na rasa ko in gudu ko in tsaya, ƙafata ta ƙi barin buhun. Mutane na ta ihun sunana, ban motsa ba. Sai na ji wata murya da ban taɓa jin an ɗaga ta ba, daga gindin bishiya.

"Gida! Kai, gida!"

Na gudu, na faɗi da ƙirji a kan ƙasa, na riga ƙwallon isa. Aka ɗauke ni. Da aka kawo takardar Baba ya dangwala yatsa, ya goge tawadar a gefen riga, ya ɗauki butarsa ya koma rumfa. Da yamma na tarar da tsire a kan tabarmata, bai ce daga ina ba.

Ya yi mako huɗu yana leƙa tasha. Motar da yake jira ya hau ita ce ta kawo wasiƙa ta biyu. Ina tsakar gida ina wanke kayan makaranta lokacin da ya karanta, na ga ya ninke ta ya sake buɗewa. Na ce, "Baba, ya rasu?"

Ya ɗago ya kalle ni, ido cikin ido. Ya ce, "Ta rasu."

Direban ya gaya wa mutanen rumfa cewa a wancan zuwan ta yi kwana huɗu da rai bayan isarsu. Da ya bi su, da ya same ta.

Bai ƙara zancen tafiya ba. Ko lokacin da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, layinmu ya watse, motoci suka cika da maƙwabtanmu, shi layin neman takardar zama ya bi kwana da kwanaki. Ya ce yaron nan bai gama karatu ba, kuma in ya je wa zai tarar. Da na fara aiki na yi masa tayin mu je tare, ya ce bayan Sallah. Sallah goma sha ta wuce. Fili kuwa har ya mutu bai saya ba. Ni ma ban taɓa iya buɗe baki na gaya masa abin da na yi ba. Nakan shirya maganar a hanya, in na zauna gabansa sai in tambaye shi kasuwar goro.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa na kasa riƙewa, na gaya wa Anti Lamisi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ai ya sani. Ashe kafin wannan Alhamis ɗin Ticha Dogo ya ji labarin wasiƙar, ya je rumfa da tafinta, ya ce masa ya tafi hankali kwance, ba a bukatar yatsansa. Ita tana wurin, ta kai musu koko. Baba ya yi godiya, ya ce ya ji, amma yaron ya riga ya faɗa masa abin da yake bukata.

Ta gaya mini ne don in samu sauƙi, Allah ya jiƙanta, amma ban samu ba. Da ƙaryata ce ta tsare shi, da na san ta inda zan tuba. Ya san ƙarya ce, ya auna ni da uwar da ta haife shi, ya tsaya. Wannan ban san yadda ake biyansa ba, ban kuma san ko kakata ta yafe mana ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne adakar, atamfar na ciki yadda ya ninke ta, sai kalma ɗaya da ya taɓa ɗaga murya ya faɗa mini a gaban mutane. Ƙauyen nasu har yau ban je ba. Ban ma tabbata zan gane hanyar ba.

Nasiru ya yi alkawarin zuwa ranar Talatar nan mu yi addu'ar tare, don rabona da shi tun kafin azumi, kuma ƙafata ba ta bari in hau motar haya ta trotro yanzu. Da hantsi ya kira. Ya ce an matso da wasan yarinyar, akwai masu zaɓe da za su zo, ta ce in bai je ba ba za ta iya ba. Ya ce amma in na ce ya zo, zai zo. Na ce ya tsaya ya kalli wasan, ni lafiyata ƙalau, ya kuma kira sunanta da ƙarfi yadda za ta ji. Ya yi dariya, ya ce bayan wasan nan lalle zai shigo. Na ce to. Har aka kira la'asar ina zaune a bakin ƙofa, ban mayar da kujerar da na fito masa da ita ba.