Tabon Ƙwaurin Ikilima

Duk wanda ya ci kasuwar Roni a shekarun baya ya san ƙuli-ƙulin Ikilima. Doguwar mace ce marar yawan magana, wadda ta gaji matsar man gyaɗa daga kakarta. Tana goyon fari tukunyar mai ta kife mata a ƙwaurin hagu. Ta yi jinya har damina ta wuce, wurin ya warke ya bar farin tabo mai sheƙi. Da tabon nan ta haifi sauran 'ya'yanta, ta aurar da su, ta yi takabar mijinta.

Sai da furfura ta cika mata kai tabon ya tsage. Aka shafa man kaɗanya, aka barbaɗa garin magani, gyambon dai sai faɗi yake, bakinsa ya yi tudu yana wari. Ikilima ta daina shiga cikin mata a gidan suna, abin da ya fi ciwon ƙona mata rai ke nan.

Ɗanta Zaharadeen, magidanci ɗan acaɓa, shi ya matsa ya kai ta asibiti a Kazaure. Daga can aka tura su Kano, aka yanki ɗan nama aka auna. Likitar, wata matashiya, ta jawo kujera kusa da ita.

"Inna, fatar mutum kullum sabuntawa take. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ake haifa can ƙasa, su taso sama, su ƙosa, su bushe su kaɗe. Jiki yana aika musu saƙo cewa kun girma, ku daina hayayyafa. A tsohon tabon nan saƙon ya yanke. Ba sa ƙosawa, ba sa tsayawa. Shi ne ciwon daji."

Ikilima ta dubi ƙafar. "To 'yata, ba a iya sake gaya musu?"

"Masu bincike suna neman hanyar, Inna. Amma naki ya kai ƙashi. Sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa."

Ta ce a mai da ita gida, ta fi so ta koma ga Ubangijinta da jikinta cikakke. Zaharadeen bai yi mata musu ba. A mota ne ta ga ya juya fuska ga taga, kafaɗunsa na rawa, mutumin da ko ranar rasuwar ubansa ba a ga hawayensa ba. Kafin su kai Kazaure ta dafa shi.

"Share idonka, mutane na kallo. Ka gaya wa yarinyar nan likita na yarda."

Aka yi aikin. Ta koyi tafiya da sanda, ta koma zuwa suna da biki, har takan riga masu ƙafa biyu isa. Wata rana ta lura da wani ɗan miki a tsohuwar ƙunar hannun maƙwabciyarta Shatu. Ba ta bar ta ta huta ba sai da ta je asibiti. Aka cire shi tun yana ƙarami, hannun ya tsira.

Ita kuwa Ikilima, bayan 'yan shekaru ciwon ya sake ɓullo mata a matsematsi. Wannan karon ba abin yankewa. Ta karɓi hukuncin Allah ba raki, ta yafe wa kowa, ta rasu da kaka ana tsaka da roron gyaɗa. Mutane da yawa sun baro gonakinsu suka bi gawarta.