Gutsuren Burodi a Bakin Zanena

Ƙanwata ba ta taɓa yin kumari a gidanmu na Birnin Kebbi ba. Ciki kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara, ga zawon da ba ya jin magani. Amma da an kai ta Argungu wurin kakarmu, wata biyu sun isa ta yi kumatu. Tuwon shinkafa, kunun gero da romon kifi, iyakar abin da tsohuwar ke ba ta ke nan. Tana dawowa, ciwo ya dawo. Mutane suka ce gidanmu ne ke da iska. An yi turare, an sha rubutu, har tsamiyar bayan gida aka sare, ita da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, kuma a gidan ma'aikaci da shayi da burodi ake karyawa. Marar lafiya kuwa shi ake ware wa mai laushin. Duk sanda jikinta ya rikice, sai Inna ta ƙara mata burodi da taliya da finkaso, wai lallashi.

Wani likita ne ya saurari labarin Argungu har ƙarshe, ya ce babu wani aljani, alkama ce cikinta ba ya ɗauka. A hana ta duk abin da fulawa ta taɓa. Baba ya tambayi kunun ots, hatsin Turawa na gwangwani da wani ɗan kudu ke sayarwa a unguwarmu, likita ya ce shi ma a dakata, yakan zo da gaurayen alkama. Inna ta riƙe dokar nan gam, har ludayi daban ta ware mata.

Ina shekara tara, ita tana huɗu. Da safe muna tsoma burodi a shayi, ita tana gefe da kwanon kokonta. Da kuka take yi, da na jure. Kallo kawai take, tana bin hannuna daga kofi zuwa baki. Na ji haushin likitan nan, na ce mugu ne. Sai na fara ƙulle gutsure a bakin zanena, in mun zagaya bayan ɗaki in kwance mata. Ta cinye, ta lashe tafin hannu, ta ce, "Yaya, kak ki hwaɗa ma Inna." A raina na ce ɗan wannan me zai yi?

Aka yi wata uku babu sauƙi. Wata rana Inna ta aje ludayin ta ce, "Munka hana ta wanga, munka hana ta wancan, mi yac canza? Likitan ga bai san ciwon ba. Ku bar min ɗiyata ta ci abin da taka so."

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ko akwai mai ba ta wani abu ɓoye?"

Na girgiza kai. Bulala nake tsoro, ba komai ba.

Daga ranar doka ta faɗi, burodi ya koma kwanonta. Kaka ta aiko a kawo mata jikarta, aka ce sai an yi hutun makaranta mu tafi tare. Ba ta kai hutun ba.

Na san kwana ne ya ƙare, na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma da na girma na ji cewa masu irin ciwonta, ɗan gutsure ma ya isa ya rushe aikin makonni. Tun ranar ban sake samun natsuwa a kan maganar nan ba.

Inna ta tsufa a hannuna. In an tuno marigayiyar, sai ta nuna ni ga baƙi ta ce, "Duk gidan ga, wagga ta hi kowa tausai nata." Sau da yawa na buɗe baki in faɗa mata. Har aka kai ta makwancinta ban faɗa ba.